Maƙwabciyata ta ba ni baihe saboda tari, in ci?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata biyar ke nan da na biyo maigida Guangzhou, ƙasar China. Tun shigowar sanyi busasshen tari ya sa ni gaba, ga rashin barci. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta kawo min wani abu fari mai sala-sala kamar tafarnuwa, ta ce sunansa baihe, in dafa da shinkafa. Na karɓa don kunya, yana nan cikin firji. Wa ya taɓa ci? Yana magani kuwa?

Anti Bilki: Ba irin badonmu ba ne?

Ɗalibin Lanzhou: A'a Anti, bado na ruwa ne, wannan a tudu ake noma shi, saiwar wani fure ce. Maman Hanif, ki ci abinki. Lanzhou, garin da nake karatu, shi ne ya yi suna da shi, namu zaƙi gare shi, na garin Yixing kuwa akwai ɗan ɗaci. A maganin gargajiyar 'yan China suna cewa yana jiƙa huhu, ya kwantar da busasshen tari, ya sa barci, shi ya sa suke yawan cinsa idan iska ta bushe. Ni dai na sha kununsa, maƙogwarona ya yi laushi, amma ruwan zafi da zuma ma suna min haka. Abinci ne mai sitaci kamar dankali. Ki ɓare shi sala-sala, ki yanke inda ya yi baƙi, ki wanke. Sai shinkafar ta nuna luguf za ki zuba, don ba ya jure wuta, nan da nan yake narkewa.

Alhajin Xiaobei: Ɗanye ta ba ki, to da sauƙi. Ranar da ta kawo miki dafaffe cikin romo, ki tambaya da kyau. Mutanen Guangzhou da naman alade ko ƙashinsa suke yawan haɗa romonsu. Busasshen na kasuwa kuma, wanda ya yi fari fat mai warin ashana ki bar shi, hayaƙin farar wuta ake masa.

Nas Hauwa: 'Yar uwa, kwana nawa tarin? In ya wuce sati biyu, ko da zazzaɓi, gumin dare ko rama, ki je a duba ƙirjinki, a yi gwajin tarin fuka. Baihe ba ya maganin wannan. Mai ciwon suga kuma ya kula, da sukari suke dafa shi. Kada kuma wani ya je ya tono saiwar furen ado ya ci, wasu guba ne, wasu an yi musu feshi. In kuna da mage ki nisanta ta da shi, wannan furen yana lalata ƙodar mage.

Maman Hanif: Na gode, Allah Ya saka. Tarin ya shiga sati na uku. Baban Hanif zai kai ni asibiti Litinin in sha Allah. Kunun kuwa na ɗora yanzu, salar guda nawa ake zubawa?

Ɗalibin Lanzhou: Ƙwaya ɗaya, da duka salarta, ta ishi tukunyar mutum biyu.