"Barci kamar kasa": wa ya dace a faɗa wa?

Uwar 'Yan Biyu: Jama'a, a warware mini. Ɗana in ya kwanta, ko ganga aka buga a kansa ba ya motsi, kakarsa kullum sai ta ce "barci kamar kasa". Jiya wani ya ce maganar ba ta dace da yaro ba. Don me?

Tsohon Manomi: Hajiya, mutumin yana da hujja. Macijiyar nan kasa ba barci take yi ba, kwanton ɓauna ne. Na taɓa ganin wata a gindin kunya cikin busassun ganye, gajera mai kauri, kanta faffaɗa, bayanta da zane kamar bakin kibiya. Kwana 3 ina wucewa tana nan inda take, ɓera ko kwaɗo take jira. Gamsheƙa in ta ji takun mutum takan sulale, kasa kuwa ta dogara da launinta, shi ya sa ake taka ta. In ka matsa mata sai ta kumbura ta hau huci, saran kuma kafin ƙiftawar ido. Ni a wurina maganar ta fi dacewa da shiru-shirun da ba a san cikinsa ba.

Malamin Hausa: Baba, ban musa abin da ka gani ba, amma ka ɗora wa maganar kayan da ba nata ba. Masu iya magana abin da ido ya gani suka kwatanta: halitta kwance, ana kai-komo a kanta ba ta gusa ba. Nauyin barci ake nufi, ba mugunta ba. Shiru-shiru ai yana da tasa: mugun ƙulli a rijiya ba a ganinsa sai an janyo guga.

Tsohon Manomi: To Malam, ta yaya suka san barci ne? Maciji ba shi da fatar ido da zai rufe. Ko barci yake ko farke, ido a buɗe yake.

Ma'aikaciyar Jinya: Ni abin da ke damuna shi ne yaro ya taso yana jin kasa raguwa ce. Dafinta kumbura gaɓa yake yi ya ruɓar da nama, wani har sai an yanke ƙafa. In ta sari mutum kada a ɗaure, kada a tsaga, a nufi asibiti.

Uwar 'Yan Biyu: Kakarsa dai ba za ta daina faɗa ba. Amma yau zan zaunar da su biyun in kwatanta musu wannan zanen bakin kibiya, Baba.