Musayar Baitoci a Kan Masunta da Sauyin Yanayi

Mai buɗe fage: Assalamu alaikum. Batunmu shi ne halin da ƙananan masuntan koguna da tafkuna suka shiga saboda sauyin yanayi. Sharaɗi shi ne kowane baiti ya ƙare da amsa-amon "wa", kuma mai shigowa ya amsa wa wanda ya gabace shi.

Tsohon masunci:

Da sunan Allah nake fara zancena,
Shi ne Ya ajiye arzikinmu a cikin ruwa.

Yawancin kifinmu ba ya ƙwai a tsakiyar kogi,
Sai ambaliya ta hau fadama yake haihuwa.

Tarwaɗa da karfasa sukan bi sabon ruwa,
'Ya'yansu su ɓuya a ciyawa suna ƙaruwa.

Yanzu damina takan makara, ta kuma ɗauke da wuri,
'Ya'yan su maƙale a kududdufi suna mutuwa.

Malamar makaranta:

Baba, tarihi ya gaskata maganarka,
Domin Tafkin Chadi ya ga irin wannan raguwa.

A 1963 ya kai murabba'in kilomita 25,000,
Farin 1973 da na 1984 suka sa shi janyewa.

Ya rabu biyu, ya koma wajen 2,000,
Garuruwan gaɓa suka wayi gari nesa da ruwa.

Kogin Shari da Logone ne ke shayar da shi,
In sama ta hana su, tafki ya shiga ƙishirwa.

Ɗalibin kimiyya:

Malama, ko ruwa bai ƙafe ba, zafi yana ɓarna,
Don in ruwa ya yi ɗumi, iskarsa tana raguwa.

A Tafkin Tanganyika saman ruwa ya ɗumama,
Na ƙasa mai abincin kifi ya rage tasowa.

A Tafkin Tefe na Brazil kuwa, a 2023,
Zafin ruwa ya haura digiri 39, kifi na ta macewa.

Mai ja da magana:

Ku yi mini afuwa, ban yarda da ku duka ba,
Ba kowane laifi ne na sama da rashin zubowa.

Masuntan Tafkin Tonle Sap a Kambodiya suna kuka da fari,
Suna kuma kuka da madatsun Kogin Mekong masu tarewa.

Wanda ya ja gidan sauro a madadin koma,
Ya kwashe ƙanana, gobe me zai sa ran kamawa?

Mai bandar kifi:

Malam, ka faɗi gaskiya, amma ka tsaya a rabi,
Ba ka tambayi abin da ya kai shi ga aikatawa.

Koma bashi ce, dillali ne ya ba da ita,
Da sharaɗin shi kaɗai za a riƙa sayarwa.

In an kwana a kwale-kwale an dawo da rabin kwando,
Dillali ya cire nasa tun kafin a kai kasuwa.

Mata ne ke fiɗa, mu ne ke hura banda,
In ta kwana ba hayaƙi, gidan ya kwana da yunwa.

Mai 'ya'ya a gabansa ba ya zaɓen idon raga,
Samari kuma sun bar jirage, birni suke tafiya ba dawowa.

Tsohon masunci:

'Yata, kin rama mini, shi ma Malam yana da hujja,
Na ga raga mai ƙananan ido tana ta yaɗuwa.

Mun amince a rufe kamun kifi a watannin da kifi ke ƙwai,
Amma a faɗa mana abin da za mu ci kafin buɗewa.

Masu madatsa kuma su saki ruwa a kan lokaci,
Sa'ad da kifi ke neman fadama domin haihuwa.