Taron dangi da kallon tsuntsaye: safe ko yamma, madubi ɗaya ko biyu?

Uwar Biyu: Salamu alaikum 'yan uwa. Za mu yi taron dangi na kwana uku a wannan hutun na zafi, kusa da wani tafki, ina so in saƙa fita kallon tsuntsaye a ciki ba tare da na ɓata wa kowa shiri ba. Yara shida ne, ƙaraminsu ɗan shekara biyar, ga kakarsu da ba ta jure doguwar tafiya. Da safe za mu fita ko da yamma? Sannan madubin hangen nesa, in sayi ɗaya mai kyau ko masu araha biyu don gudun faɗa?

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki sayi 8x42. Takwas ɗin na nufin sau takwas yake kusanto abu, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Kada a ruɗe ki da 10 ko 12, hannu na rawa hoton ya bi shi, filin da ake gani kuma ya ƙuntata, kafin yaro ya lalubo tsuntsu ya tashi. Mai zum (wanda ake ƙara ko rage kusantowarsa) da mai gilashi ja ki bar musu abinsu. Kuɗin mai kyau ɗaya bai wuce na masu araha uku ba.

Mai Tabarau: Uku a ina, Malam? Ya kai goma. Kuma 8x42 kan yi giram 700 ko kusa, wuyan ɗan shekara biyar ba zai ɗauka ba. Na yara 8x32 ne ko 6x30. Abin da za a gwada kafin a biya: a naɗe madubin sosai a ga ko ya dace da tazarar idanun yaron, domin da yawa ba sa matsuwa ƙasa da milimita 56, sai yaro ya riƙa ganin baƙin da'ira ya ce babu komai. Mai sanye da tabarau ya murza robobin ido ƙasa.

Ɗan Balbela: Yara shida a bakin tafki? Hajiya ki huta da sayen madubi, tsuntsayen ne za su taru kallonku.

Tsohon Hannu: Mai arahar nan matsalarsa ba duhu kaɗai ba ce. Ɓangarorin biyu kan saɓa da juna, hoto ya rabu biyu, minti goma kai ya fara ciwo. Saiti kuma haka ake yi: a rufe idon dama, a juya dabaran tsakiya har hagu ya fito tas, sai a rufe hagu a gyara zoben da ke ɓangaren dama. Kada a bar shi a mota cikin rana, zafi na lalata maiƙon ciki. A gaya wa yara ba a duban rana da shi ko da wasa.

Uwar Biyu: Na gode, amma maganar lokaci fa?

Yayar Kowa: Safe, ƙanwata. Awa biyu zuwa uku na farko bayan gari ya waye, kafin hantsi ya dubi ludayi. Da rana ta take, tsuntsu ya shige inuwa, iska kuma tana rawa a kan ruwa, komai ya dushe. Kada ku yi yawo, a kafa wa kaka kujera a inuwa wajen da rana za ta kasance a bayanku, a zauna minti 40. Zalɓe da balbela ba sa saurin tashi, da su yara za su koya. In za a nuna tsuntsu a itace, a ɗauki itacen kamar agogo, a ce yana ƙarfe biyu. Ki sauke Merlin, manhajar gane tsuntsaye, a waya, ta Jami'ar Cornell ce, kyauta, ki sauko da kundin tsuntsayen yankin tun kina da intanet.

Tsohon Hannu: Waya ba ta koya wa yaro duba baki da jela. Littafi da fensir.

Yayar Kowa: Baba, yaran wa ka taɓa zaunarwa da littafi a ranar taro?

Mai Gadin Sheƙa: Wayar ce ma masifar. Yanzu kowa ya iya kunna kukan tsuntsu don ya fito a yi hoto. Lokacin kiwon 'ya'ya namijin ya ɗauka wani namiji ne ya shigo masa, ya bar aikin ciyarwa ya yi ta kai-komo cikin zafi. Wani ya tafi, wani ya zo ya sake kunnawa. Har da masu datse reshe don sheƙa ta fito a hoto, rana ta gasa ƙwai, hankaka ya ga hanya. Su tura hoton a yi ta yaba musu, ba wanda ke komawa ya ga abin da ya rage. Yara kuma su tsinci ɗan tsuntsu mai gashi a ƙasa su ce maraya ne, alhali iyayensa na kusa suna ciyar da shi.

Ɗan Balbela: Malam, Hajiya ba ta ce za ta datse komai ba.

Mai Gadin Sheƙa: Ba ita nake nufi ba. Masu manyan kyamarori ne, kuma wasunsu suna nan suna karantawa.

Mai Tabarau: To ka ware, ba duk mai kyamara ne ke kunna kuka ba.

Uwar Biyu: Jama'a, ɗaya zan saya ko biyu?