Ta ina zan kama dokar muhalli ta Turai da ta ƙasa da ƙasa?

Ɗalibar Shari'a:
Assalamu alaikum. Sati uku ke nan da fara wannan darasi, kaina ya ɗaure. Na cika shafi biyar da sunayen yarjejeniyoyi da sanarwoyin muhalli da shekarunsu: Stockholm 1972, Montreal 1987, Rio 1992, Paris 2015. Na haddace su tsaf, amma jiya malaminmu ya tambaye ni wacce ce a ciki ta zama tilas a kan ƙasa, na yi tsuru-tsuru. Daga baya na ji cewa sanarwar Rio ba ta ɗaure kowa. To mene ne amfanin karanta ta? Don Allah a taimaka.

Tsohon Lauya:
Wa'alaikumus salam, 'yata. Ajiye jerin nan tukuna, ki nemi shari'ar Trail Smelter. Masana'antar narka ƙarfe ce a garin Trail na Kanada, hayaƙinta yana tsallaka iyaka yana lalata gonaki da itatuwa a jihar Washington ta Amurka. A 1941 masu sulhu suka yanke cewa ƙasa ba ta da ikon bari hayaƙin cikinta ya cutar da maƙwabciya, muddin ɓarnar babba ce kuma hujja ta tabbata. Wannan maganar ce ta dawo a ƙa'ida ta 21 ta Stockholm, ta sake fitowa a ƙa'ida ta 2 ta Rio. Sanarwar Rio ba ta ɗaure kowa, gaskiya ne, amma wannan ƙa'idar ta zama al'adar ƙasashe, kuma Kotun Duniya ta tabbatar da ita a 1996. Ni dai sai da na karanta shari'ar nan sannan sauran suka zauna mini.

Ɗalibin Digiri na Biyu:
Baba ya faɗi gaskiya, amma a ɓangaren Turai ni da sashe na 191 na yarjejeniyar tafiyar da Tarayyar Turai zan fara. Can za ki ga an rubuta ƙa'idojin ƙarara: yin taka-tsantsan, rigakafi, gyara ɓarna daga tushe, sannan wanda ya gurɓata shi zai biya. Yarjejeniyar Roma ta 1957, wadda ita ce tushen Tarayyar, ko ambaton muhalli ba ta yi ba, sai a 1987 ya samu babi nasa.

Kuma can akwai hukunci. A 2000 kotun Tarayyar da ke Luxembourg ta ci Girka tarar Yuro 20,000 kullum saboda wani juji a tsibirin Crete da ta kasa rufewa.

Ɗalibar Shari'a:
Na gode, Baba, na gode Yaya. Yau da dare zan fara da Trail Smelter, gobe in buɗe sashe na 191.