Neman aiki a Kannywood ta imel: abin da masu harkar suka ce

Da aka tattauna yadda ake tura wa kamfanin fim saƙon neman aiki, bakin kusan kowa ya zo ɗaya kan abu guda: faɗi aikin da ka iya tun daga kan saƙon. "Ina son shiga fim" ba sana'a ba ce. Mai ɗaukar hoto ne kai, ko mai sauti, ko edita, ko mai kwalliya? Furodusa a waya zai karanta, wataƙila ma yana lokeshan (wurin ɗaukar fim), don haka sallama, layi biyar ko shida, sai lambar waya.

An daɗe kan batun shaidar aiki. Kada ka loda bidiyo mai nauyi ya cinye masa data. Ɗora gajeren aikinka na minti biyu a YouTube, ka ba da adireshinsa, ka fayyace wane ɓangare ne hannunka. In kana da rajista da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ko wata ƙungiya ƙarƙashin MOPPAN, uwar ƙungiyar masu sana'ar fim, ambata.

An ɗan ja kan harshe. Wasu Hausa, wasu Turanci. Ni dai ina ganin wanda ka fi ƙwarewa, ban da "slm" da "ykk".

Wanda kuma ya nemi kuɗi kafin ya ba ka rol, rabu da shi.