"Not" ɗin waya: mu kira shi matuni, gidansa kuma kundi

Assalamu alaikum jama'a. Neman kalma ne ya kawo ni, kuma na zo da shawarata a hannu. Wane suna za mu ba ɗan rubutun nan da mutum yake yi wa kansa don kada ya manta, wanda Bature yake kira "note", mu kuma muke cewa not? Ba not ɗin aji nake nufi ba, wanda malami yake cika allo da shi ɗalibai su kwafa. Na yau da kullum nake nufi: jerin cefane, lambar mitar wuta, awon yara da za a kai wa tela kafin Sallah, sunan maganin hawan jinin Hajiya da lokacin shansa, abin da aka tsayar a taron ofis, wadda ta yi zubin adashi da wadda ba ta yi ba.

Duk mai babbar waya yana da wurin ajiye irin wannan. Masu iPhone suna da Notes tun fitowar wayar a 2007. Google ya fito da Keep a 2013. A ofisoshi akwai OneNote na Microsoft, wanda ya girme su, tun 2003. Wasu kuma ba ruwansu da ko ɗaya, WhatsApp suke buɗewa su tura wa kansu saƙo. Kafin kamfanin ya buɗe ƙofar yin hakan a ƙarshen 2022, mutane sukan haɗa guruf su cire kowa, su zauna su kaɗai a ciki suna zuba abin da suke son tunawa. Abin ya shiga jikinmu har haka, amma har yau ba mu raɗa masa suna ba.

Abin da ake yawan gani a fassarar na'ura shi ne "bayanan kula". Wannan ba ya shiga kunnena ko kaɗan. An ɗauko wata ma'anar kalmar ce daban, wadda ke nufin a lura, aka liƙa wa bayani. Ku gwada a gida. Maigida zai fita kasuwa, uwargida ta ce masa, "Ka duba bayanan kula kafin ka sayi kayan miya." Zai tsaya ya tambaye ta, kula da wa? Kalmar da sai an fassara wa Bahaushe ita da wata Hausar ba ta gama zuwa gida ba.

To me zai hana mu bar not ɗin kawai, yadda muka karɓi tebur da bokiti da fensir? Ba na ƙyamar aro, kuma a aji na yarda not ya riga ya zauna, ba mai tayar da shi. Amma akwai cikas babba, kuma 'yan'uwanmu na Nijar ne suka fi saninsa. A makarantar da ake karatu da Faransanci, kalmar nan da ake furtawa not maki take nufi, wanda ake bayarwa bisa ashirin. Yaron Maraɗi ko Damagaram da aka ce wa ya nuna not ɗinsa, sakamakon jarrabawa zai ɗauko. Wato bakin Kano da bakin Tawa za su furta abu ɗaya suna nufin abu biyu. Idan muna son kalmar da za ta yi aiki a wayar Katsina ta yi a wayar Maraɗi, dole daga cikin Hausar za ta fito, don ita ce muka haɗa.

An ba ni wasu shawarwari, bari in bi su da sauri. Bayani ya yi faɗi da yawa, labaran rediyo ma bayani ne. Tsokaci ra'ayi ne a kan maganar wani. Tsakure abin da ka tsakuro ne daga wani rubutu, alhali jerin cefane ba daga ko'ina aka tsakuro shi ba. Rubutu shi kaɗai kuwa bai bambanta komai ba, kuma a gidajenmu idan aka ce an kawo rubutu, da yawa na sha za su fara kawowa a rai. Tunatarwa ta fi su kusa, sai dai aiki ce da wani yake yi wa wani, kuma ta riga ta zama ta mumbari da wa'azi. Ga ta da tsawo.

Tsawon nan kada a raina shi. Mun ga yadda ta kaya. "Na'ura mai ƙwaƙwalwa" kyakkyawar Hausa ce, amma kwamfuta ce a bakin mutane. Da wayar GSM ta shigo Nijeriya a 2001 an yi ta cewa tafi-da-gidanka, yau kowa waya yake cewa, ko wayar hannu in ana son bambancewa. Abin da za a ambata sau da yawa a wuni ba ya jure doguwar riga. Sannan a fuskar waya wurin rubutun ɗan mitsitsi ne a ƙarƙashin tambari, gaɓa uku ma da ƙyar.

Shawarata ita ce matuni. Jam'i matunai.

Ba ni na ƙera ginin ba, harshen ne ya tanade shi. Hausa tana yi wa kayan aiki suna daga aikin da suke yi: ta sa ma a gaba, ta sa i a baya. Buɗe ya ba mu mabuɗi, duba ya ba mu madubi, auna ya ba mu ma'auni, goge ya ba mu magogi. Jam'insu duka a ai yake ƙarewa: mabuɗai, madubai, ma'aunai. To tuna fa? Matuni, abin da ake tunawa da shi. Wanda bai taɓa jin kalmar ba ma, da ka ce "rubuta min a matuni" ya gane inda ka dosa, don kunnensa ya saba da 'yan'uwanta. Kuma namiji ne, yana ɗaukar duk abin da ake ɗora wa suna ba tare da gardama ba: matunina, matuninki, matunan jiya ko matunaina na ofis.

Wani malamin Hausa ya ja hankalina cewa a rubuce ana iya karanta matuni a matsayin mutum mai tunawa, kamar maɗinki ko manomi. Gaskiya ne, malam, amma karin sauti yana raba su. Na kayan aiki sama yake tafiya daga farko har ƙarshe, na mutum kuwa yakan sauka a tsakiya ya sake hawa. Haka muke zaune da ma'auni na awo da ma'auni mai sayar da hatsi, ba wanda ya taɓa rikicewa a kasuwa. Jam'in ma ya raba gardama: ma'aunai daban, ma'auna daban.

Abin da ya fi ja na ga wannan kalma shi ne ta faɗi amfanin abin, ba siffarsa ba. Ba ta damu da ko a takarda yake ko a gilashi ba. Bayan kwalin sigari da mai shago ya rubuta bashi a kai matuni ne. Ƙaramar takardar nan mai gam da ake mannawa a jikin kwamfuta, wadda kamfanin 3M ya baza a kasuwannin Amurka a 1980, matuni ne mai manne. Abin da ma'aikaciyar jinya ta rubuta wa wadda za ta karɓe ta da dare matunin miƙa aiki ne. Hoton rasit da ka ɗauka don kada ya ɓace ma ya shiga.

Yanzu sai gidan da matunai suke zama, wato ita manhajar ko littafin. A nan ba ma buƙatar ƙirƙira, muna da kundi.

Wanda ya tashi kusa da malamin zaure ya san kundi. Ba littafi ba ne da wani ya wallafa mai farko da ƙarshe. Tarin warƙoƙi ne da ba a ɗinke ba, malam ya tara su a tsawon rayuwarsa: mas'alar da ya ji a bakin malaminsa, baitin da ya burge shi, addu'a, lissafin gado, ranar da aka haifi wane, ranar da wane ya rasu, wani lokaci har da wanda ya ari littafi bai dawo da shi ba. Wani da Larabci, wani da ajami. Ana sa su tsakanin bango biyu a ɗaure da igiyar fata, a zura a gafaka a rataye. Saboda ba a ɗinke suke ba, yana iya zare warƙa ɗaya ya ba almajiri ya kwafa, ya ƙara sabuwa a tsakiya, ya sake musu jeri yadda ya ga dama. Takarda a zamanin da tsada gare ta, mai tambarin jinjirin wata uku daga Italiya take zuwa, ta bi ta Tarabulus ta keto Sahara, shi ya sa ba a barin gefe fili, ko'ina hashiya ce. Wanda yake son gani da idonsa, akwai irin waɗannan takardu a Arewa House a Kaduna, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da sashen rubuce-rubucen hannu na jami'ar Yamai.

Ku dubi abin da manhajar waya take yi: guntayen rubutu marasa ɗinki, na mutum ɗaya, ana ƙarawa ana cirewa ana sake jeri, ana tura ɗaya ga wani a bar sauran. Aikin kundi ke nan ba ragi. Malamanmu sukan ce ilimi abin farauta ne, rubutu ne igiyar ɗaure shi, kuma da kundi suka ɗaure nasu.

Na san abin da za a ce. Kundi yana da ƙamshin laƙani da asiri, wasu da sun ji shi can hankalinsu yake tafiya. Haka ne, amma kalmar ta daɗe da fita daga wannan ɗaki. Muna cewa kundin tsarin mulki, ɗalibin jami'a yana rubuta kundin digiri, 'yan jarida suna cewa abu ya shiga kundin tarihi. Kuma ga misali a gabanmu: manhaja. A da tsarin karatun makaranta kawai take nufi, yau kafafen labarai na Hausa da ita suke kiran abin da ake saukewa a waya, kuma ta zauna daram. In manhaja ta yi wannan tafiya, kundi ba zai gaza ba.

Saura abu na uku da ake yawan cakuɗawa da matuni, wato wanda ake sa wa lokaci, in lokacin ya yi waya ta yi ƙara. Wannan ba matuni ba ne, don matuni shiru yake yi sai ka neme shi. Shi kuwa wannan shi yake nemanka. Sunansa matashiya, kalmar da masu rubuta wasiƙar ofis suka daɗe suna amfani da ita idan za su sake tayar da maganar da aka yi shiru a kanta. Bambancin yana da amfani a gida sosai. Sunan maganin Hajiya da adadin ƙwayar da likita ya ce matuni ne, duk wanda yake jinya ranar ya buɗe ya gani. Ƙarfe takwas na dare da za a ba ta kuwa matashiya ce. Idan 'ya'ya suna karɓa-karɓar jinya, wani yana Abuja wata tana gidan aure wani yana gida, cakuɗa waɗannan biyun yana iya sa a tsallake magani ko a ninka shi.

Wata baiwar Allah ta ce ita da za a bi tata, kar-a-manta za a ce. Wallahi ya yi min daɗi, kuma yana da dangi: saƙon kar-ta-kwana, a-daidaita-sahu, a-kori-kura, dafa-duka. Irin waɗannan sunaye titi ne yake haifarsu, ba a zama a tsara su. In ya kama bakin mutane ina murna. Sai dai ba ya jam'i cikin sauƙi, ba ya ɗaukar nawa da naki, don haka a fuskar waya da takardar ofis na fi natsuwa da matuni.

Aikin kansa kuma, don Allah mu daina cewa "ɗaukar not". Bahaushe ba ya ɗaukar rubutu, yi yake ko ya rubuta. A ce rubuta matuni, ko sa a kundi. Ga yadda nake jin su a baki:

"Yaya, turo min matunin cefanen nan, na iso kasuwa."

"Baban Amira, ka sa kuɗin makarantar a kundi, kada mu sake lissafi da ka."

"Wa ya rubuta matunan taron jiya? A tura wa waɗanda ba su zo ba."

"Inna, na sa miki matashiya, da ta yi ƙara sai ki sha farar ƙwayar."

Masu fassara manhajoji da ma'aikatan rediyo, a hannunku abin yake fiye da kowa, don abin da aka ji a labaran safe aka kuma gani a fuskar waya shi yake zama. A maɓallai zai fito haka: Kundi, Sabon matuni, Goge matuni, Nemo a kundi, Sa matashiya. Wanda ya rage min shi ne jerin nan mai ƙananan akwatuna da ake yi wa alama in an gama aiki. Ina karkata ga jerin aiki, amma mutanen Sakkwato da Damagaram da Zangon Kumasi, in akwai abin da kuke ce masa a wajenku, ku kawo mu auna.