GPS ta hannu don kwale-kwale: abin da muka gani a tafkin Volta da tekun Tema

Mai jirgin kaya, Nima:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da kwale-kwalen inji guda ɗaya a Yeji wanda ƙanena yake kula da shi, yana ɗauko bandar kifi da doya daga ƙauyukan bakin tafkin Volta, ni kuma ina karɓar kayan a nan Accra. A hunturun da ya wuce hazo ya rufe su da la'asar sakaliya suna tsakiyar ruwa, suka yi ta kewaye har mai ya kusa ƙarewa, dole suka kashe inji suka kwana a kan ruwa tare da fasinjoji. Da gari ya waye sai suka ga ashe gaɓar ba ta fi nisan kira ba. Allah ya kiyaye, amma tun daga ranar na ƙudura zan saya masa na'urar GPS ta hannu. Na shiga shaguna uku, kowane mai shago yana yabon hajarsa, shi ya sa nake neman jin ta bakin waɗanda suka taɓa riƙe ta da jiƙaƙƙen hannu. Wace iri kuka saya, me kuka haɗa mata, kuma me kuka yi da-na-sani a kai?

Makanikin injin jirgi, Tema:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Barka da arziki. Shekaruna sun haura goma ina gyaran injinan kwale-kwale a tashar masunta ta Tema, kuma a gaban idona na'urar wani abokina ta tafi. Ya sayi ƙarama irin ta masu yawon daji, an rubuta a kwalinta cewa ruwa ba ya shigarta, rannan igiyar ruwa ta daki jirgi tana kan cinyarsa, ta faɗa teku ta nutse kamar dutse da duk wuraren kifin da ya tara na shekara biyu. Rubutun kwalin bai yi ƙarya ba. Alamar IPX7 da ake sa musu tana nufin na'urar za ta jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 na tsawon minti 30, ba ta ce za ta taso sama ba. Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa mai shago ita ce ko tana yawo a saman ruwa. Cikin na kamfanin Garmin, waɗanda aka ƙera don jirgin ruwa kamar GPS 73 da GPSMAP 78 da GPSMAP 79 duk suna tasowa, kuma batir biyu na AA suke ci, irin wanda za a samu a kowane teburin mai kayan masarufi.

Wannan maganar batir ɗin ta fi muhimmanci a wurinku fiye da mu nan Tema, domin ƙanenka zai kwana a ƙauyukan da babu wuta. Na'urar da batirinta yake a manne a ciki, in ya mutu a tsakiyar ruwa to ya mutu, amma mai cin AA sai a buɗe a canza. Batir biyu masu kyau suna kai kusan awa 18 zuwa 20 a irin waɗannan, in ba a bar hasken allo a kunne ba. Ni ina ajiye guda huɗu masu caji na NiMH da kuma sababbi huɗu a cikin roba mai murfi. Kada a bar batir mai arha ya yi makonni a ciki, yana zubar da ruwa ya cinye ƙarafan da ke riƙe shi. Kuma ko mai tasowa ce a ɗaura mata igiya a wuya ko a jikin katakon jirgi, domin da dare abin da ke yawo a kan ruwa ma ba ganinsa ake yi ba.

Mai sayar da wayoyi, Circle:

Da izinin manya, ni ina da ja kaɗan. Kusan kowace waya ta zamani tana da GPS a cikinta, kuma ba ta buƙatar kati ko intanet kafin ta gane inda take, domin saƙon daga taurarin ɗan'adam yake saukowa kai tsaye. In aka sauke taswira tun ana gari, aka sa wayar a jakar roba mai hana ruwa, aka haɗa da abin cajin tafi-da-gidanka, me ya rage? Na raka abokai zuwa Ada Foah, inda kogin Volta yake shiga teku, da waya muka je muka dawo lafiya. Ina ganin Alhaji zai iya rage kashe kuɗi.

Makanikin injin jirgi, Tema:

Ƙanena, yawon shaƙatawa na awa biyu a Ada daban, aikin kullum daban. Na gwada wayar. Da rana tsaka allon ba ya ganuwa sai ka ƙure haske, in ka ƙure haske batir ya zube, jakar robar kuma tana tara zafi har wayar ta kashe kanta. Hannun da ya taɓa kifi da ruwa da man inji ba ya sarrafa gilashi, maɓallin dannawa yake so. Ban ce a bar waya a gida ba, ita ce ta biyu, kuma da ita za a kira gida in akwai sabis. A nan ma akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba: GPS ta hannu irin waɗannan karɓar saƙo kawai take yi, ba ta aikawa. Ba za ta gaya wa kowa inda kake ba. Masu aika saƙon neman ɗauki ta tauraron ɗan'adam, kamar inReach, wani kaya ne daban da ake biyan kuɗin rajista a kansa.

Ma'aikacin safiyo mai ritaya, Madina:

Na yi aikin awon ƙasa tsawon rayuwata, kuma abin da zan ƙara ba a kan wace za a saya ba ne, a kan lambobin da take nunawa ne, domin a nan na ga mutane masu na'ura mai kyau sun ɓace. Mu a wannan yanki muna da wata matsala da ba kowace ƙasa take da ita ba: layin Greenwich, wato digiri sifiri da ya raba gabas da yamma, ta Tema ya ratsa. Accra tana yamma da shi, Ada tana gabas da shi. Ɗan 'yar'uwata ya taɓa karɓar lambar wani wurin kifi ta waya daga abokinsa, wurin yana minti 10 gabas da layin (minti a nan ba na agogo ba ne, kashi ɗaya ne cikin sittin na digiri), shi kuma ya shigar da harafin W na yamma maimakon E na gabas saboda hannunsa ya saba da na Accra. Minti ɗaya a wannan yankin kusan mil ɗaya ne na ruwa, wato mita 1,852, don haka kuskuren harafi ɗaya ya kai shi kimanin kilomita 37 daga inda ake jiransa. Ya ƙona mai, ya dawo yana zagin na'ura, alhali ita ta kai shi daidai inda ya ce mata.

Na biyu shi ne yadda ake rubuta lambar. Akwai mai digiri da ɗigo, akwai mai digiri da minti da ɗigo, akwai mai digiri da minti da daƙiƙa. Wanda ya ga 5.30 ya ɗauka digiri 5 da minti 30 ne ya yi kuskuren minti 12, domin 5.30 daidai yake da digiri 5 da minti 18, tazarar ta haura kilomita 22. Duk jiragen da suke musayar wurare su zauna su zaɓi salo ɗaya, ni ina ba da shawarar digiri da minti da ɗigo, wanda masu jiragen ruwa suka fi amfani da shi. A bar ma'aunin na'urar a kan WGS 84, wato ma'aunin duniya da GPS take lissafa lambobinta da shi. Tsofaffin taswirorin takarda na Ghana an zana su ne a kan wasu ma'aunai na gida, na Accra da na Leigon, kuma in aka kwafi lamba daga cikinsu ba tare da juyawa ba za a sami bambancin da ya isa ya sa jirgi a kan dutse.

Alhaji, ka kuma yi hattara da mai shagon da zai ƙara maka kuɗi don na'urar tana ɗauke da taswirar ruwa a ciki. Samfurin GPSMAP 78sc da 79sc taswirar gaɓar tekun Amurka ce a cikinsu, ba abin da za ta yi wa mutumin Yeji. Ka sa a kunna a gabanka, ka nemo tafkin Volta a allo, ka ga abin da za ka biya kuɗi a kai da idonka.

Hajiya mai bandar kifi, Sabon Zongo:

Sallama gare ku. Ni ba na tuƙi, amma na fi shekara ashirin ina hawa jirgi tsakanin Yeji da Makango da ƙauyukan da ke bayansu, kuma mai jirgin da nake bi yana da wannan na'ura. Abin da nake so Alhaji ya gaya wa ƙanensa shi ne na'urar ba ta ganin kututture. Tafkin nan daji ne aka nutsar lokacin da aka gama madatsar Akosombo a 1965, itatuwan suna nan tsaye a ƙarƙashin ruwa har yau, kuma su ne suke farke cikin jirgi. Wata rana yaron jirginmu, da maigidansa bai zo ba, ya danna sunan tashar da za mu je, kibiya ta miƙe, shi ma ya miƙe. Kibiyar nan hanya mafi kusa take nunawa, ba ruwanta da abin da ke tsakani. Muka hau kan kututture, Allah ya sa gudun ba yawa, farfelar inji ce kawai ta lanƙwashe, muka yi ta salati har wani jirgi ya ja mu. Da maigidan ya ji sai ya ce shi bai taɓa bin kibiya ba, sawunsa na jiya yake bi.

Tsohon matuƙi, Fadama:

Hajiya ta taɓo inda maganar take. Na tuƙa jirgi a Volta daga Kete Krachi har Dambai kafin gwiwa ta zaunar da ni, kuma a shekarun ƙarshe na yi aiki da na'urar. Amfaninta a tafki guda ɗaya ne babba: tana zana sawun duk inda ka bi, tana kuma iya mayar da kai a kan sawun. Don haka ranar da aka saye ta ba ranar hazo za a jira ba, ba a fafe gora ranar tafiya. A zaɓi rana mai haske, a ɗauki dattijon da ya san hanyar tun yana yaro, a kunna na'ura tun daga tasha, a bi hanyar a hankali har ƙarshe, sannan a adana sawun da sunan da za a gane. Duk kututturen da aka gani ko aka taɓa a danna masa alama. Ni nakan sa wa na haɗari harafin K da lamba, tashoshi kuma da sunayensu, domin in ka bar lambobin da na'ura take bayarwa da kanta, bayan wata uku ba za ka san wanne ne masauki wanne ne kabari ba.

Amma sawu ma yana tsufa. Ruwan tafkin yana hawa yana sauka da mitoci da dama tsakanin ƙarshen damina da ƙarshen rani. Hanyar da ka bi lafiya a watan Nuwamba, ruwa na cike, a watan Mayu kan itatuwa ya matso sama. Ni sawu biyu nake ajiyewa ga kowace hanya, na cikar ruwa da na janyewarsa. Waɗanda suka ga 2023, shekarar da ruwa ya cika har aka buɗe ƙofofin Akosombo, sun san gaɓar da suka sani ma ta canza wuri. Sannan na'urar kanta tana iya kaucewa da 'yan mitoci, kuma 'yan mitoci sun isa tsakanin hanya da kututture. In hazo ya sauka a rage gudu, a sa yaro a goshin jirgi da gora da tocila, ko da allo yana nuna kana kan layi.

Abu ɗaya da ya ruɗa ni da farko: in jirgi yana tsaye, na'urar da ba ta da kamfas a ciki ba ta san inda goshin jirgi yake kallo ba, sai an motsa. Na sayi ƙaramin kamfas na allura na ajiye nesa da inji da ƙarafa, shi ba ya cin batir. Kuma kowace alama mai muhimmanci na rubuta lambarta a littafi na bari a gida wurin uwargida.

Makanikin injin jirgi, Tema:

Baba ya gama magana. Ƙari kawai a kan littafin: wanda yake da kwamfuta zai iya haɗa na'urar da wayar USB ya kwashe alamomi da sawu a fayil ɗin GPX, in ta ɓace a zuba a sabuwa. A tabbata an mayar da murfin robar ramin wayar ya zauna sosai, ta nan ruwa yake fara shiga. Mu na teku muna ɗauraye ta da ruwan famfo duk dawowa saboda gishiri, ranar Talata kuma da ba a fita kamun kifi a nan gaɓar muke buɗe ta mu shanya gidan batir.

Mai jirgin kaya, Nima:

Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya. Na koma shagon jiya da jerin tambayoyinku, na sa aka kunna, kuma kamar yadda Malam mai safiyo ya faɗa, mai tsadar babu komai na Volta a cikinta sai shuɗin fili. Na ɗauki mai tasowa marar taswirar ruwa, da batir takwas, da abin cajinsu, da igiya, da kamfas. Rarar kuɗin na ƙara a kai na sayi rigunan ceto, domin na gane ashe guda uku kawai suke da su a jirgin. Ranar Asabar in Allah ya yarda zan hau mota zuwa Yeji ta Kumasi. Ƙanena ya ce akwai wani dattijo a tasharsu da ya yarda ya bi su hanyar sau biyu. Baba, tunda yanzu ruwa ya fara ja, mu ɗauki sawun nan a matsayin na rani, ko mu jira ya ƙara sauka?

Tsohon matuƙi, Fadama:

Ku ɗauka yanzu, ku rubuta watan a jikin sunansa. In ruwa ya ƙara ja da kamar tsayin mutum ku sake bi da rana ku ɗauki wani, kada ku goge na farko. Ka gaida dattijon, kuma ka riƙe masa goro.